Injin da Ke Mutuwa Gindin Giyayya

Kalgo, 10 ga Agusta, 1992

Zuwa ga Lawal makaniki, ɗan Gwaggo Nana, bakin tasha, Gwandu.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da Hadiza da yara. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar hagu da ke yi mini tsiya duk sanda hadari ya taso. Uwargida Kubura na gaishe ku. Mai riƙe da alƙalami Malam Jibrin tela ne, ni ke faɗa shina rubutawa, kuma na gargaɗe shi kada ya gyara mini magana.

Lawal, shekara goma sha ɗaya ke nan ina riƙe da wata magana a ciki. Ranar da munka tafi Yawuri sayen injin jirgina, kai ka zaɓe shi, ka ƙwanƙwasa shi, ka ce ƙarfin doki takwas gare shi. Sannan gaban mai sayarwa, gaban jama'a, har da wata mai fura, ka buɗe baki ka ce, "Allah dai ya sa Tambari ya iya, don hannunsa na filafili ne." Anka yi dariya. Mai furar har ludayi ya suɓuce mata. Ni ɗan namiji, kai ɗan mace, bawana gaba da baya, amma kai ka ba mutane dariya da ni. Ban tanka ba ran nan. To yau na tanka.

Yanzu ga abin da ya sa na tuna da kai. Shekara goma injin nan bai ba ni kunya ba. Bana, tun da ruwa ya cika fadama, ya ɗauko wata ɗabi'a. In na ɗebi mutane daga mashigin Kalgo za mu Tunga, ja ɗaya nake wa igiya ya tashi, shina tafiya shina waƙa. Da mun kai tsakiya, daidai tsohuwar giyayyar nan da ke tsaye cikin ruwa, sai ya yi tari biyu, ya yi atishawa, ya mutu. In ja igiya har kafaɗa ta kusa fita, a banza. Sai in tuƙa mutane da filafili, da ƙarfin hannu, har gaɓa, in buɗe tanki in ga ko mai ya ƙare, in tarar da mai shina nan, in ja igiya, ya tashi kamar ba shi ba. In munka juyo, gindin giyayya, ya sake mutuwa. Ba gaba da ita ba, ba baya da ita ba.

Ka san gonar shinkafar wa ke gindin giyayyar? Ta Ɗanjuma, wanda ubansa har ya koma ga Allah bai taɓa ƙetarar da ko akuya ba. Bana ya sawo sabon inji mai sheƙi, shina ta shawagi kusa da mashigina. Ni ban ce ya binne wani abu ba. Cewa na yi a dubi inda inji ke mutuwa, a dubi gonar wa ce.

Kasuwar da ta wuce na ɗauko Fulani mata bakwai da ƙoren nono. Kafin in kai su da filafili rana ta take, nono ya tsinke, kasuwa ta fara watsewa. Sunka kai ƙarata wurin Sarkin Ruwa. Ya kira ni gaban mutane ya ce ruwan bana ba na tuƙin tsoho ba ne, wata rana zai tafi da ni da fasinja. Ya ce ranar kasuwar da ke bin Mauludi shi da kansa zai shiga jirgina. In inji ya mutu, mashigi ya koma hannun Ɗanjuma.

Mashigin nan, Lawal, kawunka Siddiƙu ya sare shi cikin ciyawar burugu da lauje, tun ana ƙetarewa bisa gora. Shekara arba'in da ɗaya nake kansa. Tunda kai ka zaɓi injin, kai ka san abin da ka zaɓa. Rubuto mini maganinsa.

Ni ne ubangijinka,
Tambari Siddiƙu

*

Gwandu, 15 ga Agusta, 1992

Zuwa ga Yaya Tambari, tsohon kada, ubangijina na dole.

Na ga takarda, na gode Allah da kuna lafiya. Hadiza ta ce a shafa wa gwiwar man kaɗe, a gaishe da Yaya Kubura, a yi mata sannu da haƙuri da kai. Malam Jibrin, kai ma sannu da haƙuri.

Maganar Yawuri wallahi na manta da ita. Amma tunda da bakinka ka ce kullum da filafili kake kai mutane gaɓa, ashe ban yi maka ƙarya ba.

To bar wasa. Yaya, inji bai san gonar kowa ba. Abu uku yake nema, mai da wuta da numfashi, in ya rasa ɗaya ya kwanta. Kwance fulogi ka dubi bakinsa, in ya yi baƙi ka goge shi. Tace fetur ɗinka, don na galan da damina ba ya rasa ruwa. Baƙin man da kake haɗawa da shi, har yanzu da gwangwanin tumatir ɗin da na nuna maka kake aunawa, ko ka koma awon ido?

Sannan ka yi mini wannan gwaji. Ɗaure jirgi a mashigi, ka ta da inji, ka bar shi ya yi ta aiki nan inda yake, gwargwadon tafiyar da ke kai ka giyayya. In ya mutu a nan, ka ƙyale Ɗanjuma da shinkafarsa.

Abin da na fi so in sani shi ne, me ka canza bana wanda babu shi bara? Ko ƙanƙane ne ka faɗa mini. Aiki ya yi mini yawa, injinan niƙa huɗu ke gabana a kwance, amma zan jira amsarka.

Naka,
Lawal

*

Kalgo, 27 ga Agusta, 1992

Zuwa ga Lawal, bawan da ya manta ubangijinsa.

Muna lafiya. Gwiwa ta sha man kaɗe, ba ta ji ba. Takardarka kwana tara ta yi a hanya, direban da ka ba ya ce ta shige ƙarƙashin kujera. Da Jibrin ya kai wurin da ka ce ba ka yi ƙarya ba, na ce ya tsaya nan, na tafi gida. Sai da na kwana biyu na huce anka karanta mini sauran. Wanga jinkiri kai ka jawo shi.

Fulogi na kwance, na goge da toka, fes. Fetur na tace da ɗankwalin Kubura, sabon, wanda ɗiyarta ta kawo mata, kuma har yau miyar gidana ba gishiri. Gwangwanin tumatir shina nan, ban yar ba, kada ka raina mini hankali.

Gwajinka kuwa na yi. Na ɗaure jirgi a mashigi, na ta da inji, mutane sunka taru suna tambaya ina za ni. Shina aiki, shina aiki, can sai tari biyu, atishawa, ya mutu. Nan bakin mashigi, giyayya ko hango ta ba a yi sosai. Ka ga abin da ka jawo mini? Da can sai na je gindinta abin ke kama ni. Yanzu ka koya masa hanya, ya biyo ni har gida.

Kuma abin ba ya ɓoye kansa. Duk sanda inji ya mutu na buɗe murfin tanki, sai in ji tsaki. Tsaki sosai, Lawal, mai tsawo, irin wanda Kubura ke yi. Jibrin shaida ne, ya ji da kunnensa har ya ja da baya. Tankin ma in ka dube shi lokacin, cikinsa ya lotsa kamar wanda ya kwana uku bai ci ba. Da ya yi tsakinsa sai ya koma daidai. Faɗa mini wane fulogi ke tsaki.

Tunda kai wasa ka iya, na yi nawa gyaran. Na bi wata 'yar waya na ga maɓallin kashewa take zuwa. Na ce injin da ke mutuwa don kansa, mi zai yi da abin kashewa? Na yanke ta. Hannun mai kuma na murɗe shi har ƙarshe na ɗaure da wayar kwando, don kada ya samu damar sassautawa. Giyarsa ka san shekara huɗu ke nan da ta maƙale a gaba, ba ta dame ni ba, ni ba mai komawa baya ba ne.

Ka ce mi na canza bana. Ban canza komai ba. Abu guda dai, kuma shi ba canji ba ne, tsari ne. Da Ɗanjuma ya sawo injinsa na ga irin kallon da yake wa tankina. Inji cikinsa tanki, duk mai son cutar da shi ta nan zai bi. Sai na karɓo laya wurin malamina, na kai wa baduku, ya ɗinke murfin tankin cikin jar fata, ɗamau, layar a gefe. Aiki mai kyau, ko ƙuda bai samu wurin sa ƙafa ba. Ba don wannan tsarin ba da yanzu injin ya daɗe da tarwatsewa.

Mauludi saura mako biyu. Ɗanjuma har ya fara sassabe gefen mashigi, wai shina gyara wa jama'a hanya. Ka amsa da sauri, kuma ka ba direba mai hankali.

Tambari

*

Gwandu, 1 ga Satumba, 1992

Yaya Tambari,

Gaisuwa a taƙaice don mota na shirin tashi. Duk muna lafiya. Maganar Yawuri na janye ta, ka yafe mini, hannunka na inji ne. Yanzu don Allah ka bari a karanta maka har ƙarshe.

Na gano ciwon. A saman murfin tanki akwai ɗan rami kamar idon allura. Ta nan tanki ke numfashi. Inji na zuƙar mai, iska na shiga ta ramin tana cike wurinsa. Kai ka sa baduku ya toshe masa hanci. Sai inji ya yi ta zuƙa har tanki ya lotsa, mai ya ƙi tafiya, ya mutu. Tsawon lokacin da yake ɗauka kafin ya shaƙe shi ne tsawon tafiyarka zuwa tsakiyar fadama, giyayya tsautsayi ne ya tsayar da ita nan. Tsakin da kake ji ba da kai yake ba, numfashi yake ja, shi ya sa da ka buɗe murfi inji ke tashi.

Magani: cire fatar nan daga murfi. Layar ka rataya ta a wuyanka ko a gaban jirgi, ba wanda ya hana ka. Juya takarda.

Wannan ya fi na farko muhimmanci. Wayar da ka yanke ka sa a haɗa ta, wayar kwandon da ka ɗaure hannun mai ka kwance ta, tun kafin ka gyara murfi. In ba haka ba, ranar da injin ya samu numfashi ba abin da zai tsayar da shi. Kada ka sa shi a ruwa haka, na roƙe ka.

Lawal

Ƙaramar takardar da ke ciki ta Malam Jibrin ce shi kaɗai.

Malam Jibrin, na san halin mutumina. In ya ƙi cire fatar, ka nemi dabara ka huda ta da basilla daidai tsakiyar murfi. Kada ka taɓa layar. Allah ya ba ka lada.

*

Kalgo, 16 ga Satumba, 1992

Zuwa ga Lawal.

Muna lafiya, ba wanda ya mutu, har da injin. Gwiwar dama ta bi ta hagu, dalili na zuwa.

Takardarka ta iso. Na karɓi tubanka. Amma da Jibrin ya kai wurin da ka ce in cire tsari ana tsakiyar yaƙi, na fizge takardar na sa cikin hula. Jiya anka gaya mini wai akwai rubutu a bayanta. Wane mai hankali ke aje babbar magana a bayan takarda? Ko buhun shinkafa ta baki ake buɗe shi.

Jajibirin kasuwa na sa Kubura ta toya waina anka yi sadaka. Jibrin ya zo da kansa ya ce zai taya ni wanke jirgi, abin da bai taɓa yi ba, na ce Allah ya shirye shi.

Tun da asuba na kai jirgi Tunga da filafili, don kada inji ya gaji. Da hantsi munka ɗauko daga can. Sarkin Ruwa a gaba da babbar riga, mutum goma sha ɗaya, buhu uku, akuya ɗaya. Ɗanjuma na biye da mu a nasa jirgin, wai ko za a buƙaci taimako. Na ja igiya, jirgi ya zabura har Sarkin Ruwa ya dafe hula. Munka doshi giyayya. Kowa ya zuba mata ido, har akuyar. Lawal, munka wuce ta kamar ba a taɓa shuka ta ba! Na miƙe tsaye na ɗaga wa Ɗanjuma hannu na ce, "A gaida shinkafa!" Mata sunka yi guɗa.

Sai ga mashigin Kalgo na tahowa, cike da 'yan kasuwa. Na danna maɓalli da gwiwa a ɓoye. Inji bai ji ba. Na sake dannawa. Sannan na tuna.

Sarkin Ruwa ya waiwayo ya ce, "Tambari, rage mana."

Na ce, "Ranka ya daɗe, yanzu ya fara jin daɗin tafiyar."

Na karkata munka wuce mashigi, munka zagayo. Mutanen gaɓa sunka zaci murna nake, suna tafi. Zagaye na biyu wata tsohuwa ta fara salati. Na uku Sarkin Ruwa ya daka tsawa, "Kashe shi! Na ce kashe shi!"

Na ce, "Kai ka ce in ya mutu mashigi ya tafi. In kashe shi da hannuna gaban shaidu?"

Ya ce, "Na janye! Kashe!"

Na ce, "Jama'a kun ji?" Sunka ce sun ji, sun ji, don girman Allah. Sannan na gaya masa gaskiya, na yanke wayar kashewa, inji ba ya kasuwa.

Abin da ya kira ni ba zan sa Jibrin ya rubuta ba. Na nemi inda burugu ya fi kauri na saka hancin jirgi ciki. Ciyawa ta naɗe farfela, inji ya yi gurnani ya tsaya. Mu ba mu tsaya tare da shi ba. Sarkin Ruwa ya sauka da hannu huɗu cikin taɓo, akuya bisa bayansa, ni gwiwata ta sami buhu. Ɗanjuma ya kwashe mutane ya kai gaɓa, shina ta yi wa kowa sannu da murya mai daɗi.

Bayan ya canza riga Sarkin Ruwa ya yanke magana. Ya ce sharaɗi dai inji bai mutu ba, mashigi na Tambari ne. Rubuta wannan da manyan baƙaƙe, Jibrin. Amma ya ce injin ba zai ƙara taɓa ruwa ba sai makanikin da ya zaɓe shi ya zo ya gyara, kuma ya zauna gaban jirgi, inda shi ya zauna, an je Tunga an dawo. Kafin nan Ɗanjuma ya riƙe mashigi aro. In anka fara yankan shinkafa makaniki bai zo ba, aro ya zama nasa, don ba a barin amfanin gona a ƙetare ana jiran mutanen Gwandu.

Wani abu kuma. Da na fito da tanki na ga huda tsakiyar jar fatar. Huda mai tsabta, ta mai sana'a. Shekara talatin ina kai ɗinki, na san bakin basillar kowa a Kalgo. Ci gaba da rubutu, Jibrin, kada ka dube ni. Ban ce hudar ce ta gyara inji ba, waina anka yi sadaka. Amma ina so in san wa ya aiko mai basillar.

Ka zo da waya da abin haɗa ta.

Tambari, mai mashigi

*

Kalgo, 6 ga Oktoba, 1992

Lawal,

Ina fatan kana lafiya, don in ba ciwo ba ban san abin da zai hana mutum amsa takarda mako uku ba. Direba ya rantse hannunka ya saka ta, ya ce ka karanta kana dariya har ka zauna ƙasa.

In zaman gaban jirgi ke ba ka tsoro, faɗa mini. Na san ku mutanen tudu, ruwan alwala ma a tsorace kuke taɓa shi. Zan ɗaura maka gora biyu a ƙugu, ba wanda zai yi dariya sai ni.

Kullum da safe ina zuwa mashigi in zauna kan jirgina a kife. Mutanen da na ƙetarar da iyayensu ranar aurensu su wuce ni su ce, "Sannu da hutawa, Baba," su shiga na Ɗanjuma. Jiya ya kafa rumfa a wurin. Mai aro ba ya kafa rumfa. Shinkafa ta sunkuyar da kai, ta fara ja, masu gona na wasa lauje. Na tambayi Sarkin Ruwa kwana nawa ya rage, ya ce in tambayi shinkafa. Na tambayi Jibrin ko ka aiko masa da wata ƙaramar takarda, ya ce shi yanzu ɗinki kawai yake yi. Kubura ta share maka ɗaki tun makon jiya, ta yanka zabuwa, munka cinye, ta ce ba ta ƙara yanka wata sai ta gan ka da idonta.

Ranar Asabar zan zauna bakin tasha tun hantsi. Duk motar da ta fito Gwandu sai na leƙa. In ba ka ciki, a ce takardarka na ciki. In babu ko ɗaya, zan ɗora injin a mota in zo in aje shi ƙofar shagonka, in zauna kansa, kuma duk mai injin niƙan da ya zo wurinka sai ya ji labarina tun daga farko kafin ya wuce.

Kana zuwa, ko in zo? Wani dai ya amsa mini.

Tambari